Rabin Faranti: Tarihin Larurar da Ke Shafe Hagu

Da azahar, lokacin da masu jinya ke shigowa da kuloli ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki, akwai abin da ma'aikatan gashin ƙashi na asibitocin Abuja suka saba gani, amma har gobe yana girgiza iyali. A zuba wa dattijo tuwo a faranti a ajiye a gabansa. Ya sa hannun dama ya ci, ya ci, sai ya dakata. Rabin farantin na dama ya yi tas, rabin hagu kuwa ko loma ba a yanka ba, ga iyaka a tsakani kamar an ja da wuƙa. Ya ɗago kai ya ce abincin ya yi kaɗan. 'Yarsa ta ce, Baba ai ga saura nan da yawa. Ya duba da idanunsa biyu garau ya ce babu. Sai ma'aikaciya ta miƙa hannu ta juya farantin, tuwon ya dawo dama. Dattijo ya ci gaba da ci, bai ko tambayi daga ina aka ƙaro ba.

Daga nan iyali kan rabu gida uku. Wasu su ce ido ne, a kai shi a yanka masa tabarau. Wasu su ce rigimar tsufa ce ta zo da wuri. Wasu kuma su yi ƙasa da murya su ce wannan ba na asibiti ba ne, shafa ce. Ma'aikatan ɗakin suna da nasu sunan, niglet suke cewa, kalmar Turanci mai nufin sakaci. Sunan bai yi wa marar lafiya adalci ba, domin mai sakaci ya san da abin ya ƙyale. Wannan bawan Allah bai san akwai wani abu a hagunsa ba, bai kuma san cewa bai sani ba. Shafewar hagu ta fi dacewa da abin da ake gani.

Ba larura ce da sai an tona ba. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004, kan mutum 1,281 da jini ya toshe musu a ƙwaƙwalwa, ya same ta a kashi 43 cikin ɗari na waɗanda ciwon ya taɓa wa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa, da kashi 20 na waɗanda ya taɓa wa ɓarin hagu. Bayan wata uku, ta saura a kashi 17 na rukunin farko, da kashi 5 kacal na rukuni na biyu. Tunda ɓarin dama na ƙwaƙwalwa shi ke kula da hagun jiki, shi ya sa kusan kullum hagu ce ke ɓata.

Likitoci sun daɗe kafin su kama zaren. A shekarun 1860 Paul Broca ya nuna a Faris cewa raunin ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa yana ɗauke magana, daga nan ido ya koma can. Ɓarin hagu ya zama uban gida, na dama kuwa aka ɗauke shi ɗan rakiya, wanda ko ya lalace ba a rasa komai sai motsin hannu da ƙafa. Mutumin da ya fara ƙin yarda da haka shi ne John Hughlings Jackson na Landan. A 1876 ya rubuta labarin wata mata mai shekara 59 da ta ɓata a hanyar wani lambu kusa da gidanta, hanyar da ta shekara da shekaru tana bi. Tana sa tufafinta a juye. Da aka ba ta rubutu ta karanta, sai ta fara daga kusurwar ƙasa ta dama tana ƙoƙarin yin baya. Bayan rasuwarta aka sami ƙari a bayan ɓarin dama na ƙwaƙwalwarta. Jackson ya ce wannan asara ce mai nauyi daidai da asarar magana, sai dai ita ba ta da murya. Ba a saurare shi sosai ba.

A 1914 Joseph Babinski, wanda kowane ɗalibin likita ya san shi da gwajin kartar tafin ƙafa, ya gabatar wa takwarorinsa a Faris labarin mata biyu masu shanyewar hagu da ba su san sun shanye ba. Shi ya raɗa wa wannan hali suna, kuma har yau hali ne da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da shafewar hagu. A ce wa mutum ya ɗaga hannun hagu, ya ɗaga na dama ya ce ga shi. A ɗauko hannun hagun a nuna masa, wani ya ce wannan na ƙanensa ne da ke kwance a gefe.

Sai yaƙin duniya na farko ya cika asibitoci da samari masu raunin harsashi a ka. Gordon Holmes a ɓangaren Ingila da Walther Poppelreuter a ɓangaren Jamus, duk su biyun sun lura da sojojin da ke ganin yatsa idan aka motsa shi a gefe ɗaya shi kaɗai, amma da zarar an motsa yatsu biyu a dama da hagu lokaci guda, sai ɗaya ya ɓace musu. Wannan gwajin yatsu biyu har yau shi ne mafi sauri a bakin gado, kuma shi ya fara nuna cewa ido yana aiki, gasa ce ake yi a can ciki, hagu take shan kaye. A 1941 Russell Brain ya bayyana marasa lafiya uku da ke ɓata a cikin gidajensu, domin duk inda ya kamata su karya hagu sai su karya dama, kuma ya ɗora laifin a kan bayan ɓarin dama na ƙwaƙwalwa. Bayan shekara uku Andrew Paterson da Oliver Zangwill, waɗanda ke duba sojojin yaƙin duniya na biyu, suka miƙa wa marasa lafiya fensir da takarda suka ce su yi zane. Abin da ya fito shi ne hotunan da suka zama tambarin fannin: gida mai bango ɗaya, fure mai ganye a dama kawai.

Abin da mai aiki a wannan fanni ke alfahari da shi ke nan. Fannin ya girma ne a kan fensir da takarda. A ja miƙaƙƙen layi a ce wa mutum ya raba shi biyu daidai, sai ya sa alama can kusa da ƙarshen dama. A zana masa da'ira a ce ya jera lambobin agogo, sai ya cusa 1 zuwa 12 duka a rabin dama, ko ya tsaya a 6 ya ce ya gama. A 1973 Martin Albert na Boston ya watsa gajerun layuka kimanin 40 a takarda ya ce a soke kowanne. Gwajin ba ya cin minti biyar, kuma kuɗinsa kuɗin fotokwafi ne.

Duk da haka, har shekarun 1970 akwai masu cewa matsalar ta shigowar saƙo ce daga ido da fata. Likitoci biyu a Milan ta Italiya, Edoardo Bisiach da Claudio Luzzatti, su suka rushe wannan ra'ayi a 1978, kuma ba su yi amfani da na'ura ko ɗaya ba. Suna da marasa lafiya biyu 'yan garin, waɗanda suka san babban dandalin majami'ar Milan kamar tafin hannunsu. Suka ce wa kowannensu ya ɗauka yana tsaye a ƙarshen dandalin yana fuskantar ƙofar majami'ar, ya lissafa abin da ke wurin. Suka lissafa gine-gine da kantuna da tituna, kusan duka na hannun dama. Sai aka ce to yanzu ka ɗauka kana tsaye a bakin ƙofar majami'ar kana kallon inda ka tsaya ɗazu. Nan take gine-ginen da suka manta suka dawo bakinsu, domin yanzu su ne a dama, waɗanda suka lissafa ɗazu kuma suka ɓace.

Ya kamata a tsaya a kan wannan. Mutanen nan suna kwance a asibiti, ba abin da idonsu ke gani na dandalin. Ilimin wurin duka yana nan a kansu, tunda da aka haɗa amsoshin biyu dandalin ya cika. Abin da ya lalace shi ne iya juya lura zuwa hagu, ko da a cikin hoton zuci ne. Duk ma'aikacin da ya maimaita gwajin da gidan marar lafiya, ya ce Alhaji ka shigo daga zaure, faɗa mini ɗakunan, sa'annan ya ce yanzu ka tsaya a madafa kana kallon zaure, ya san yadda tsikar jiki ke tashi idan ɗakin uwargida ya ɓace a lissafin farko ya dawo a na biyu.

To me ya sa hagu? Marcel Kinsbourne ya ce ɓari biyun ƙwaƙwalwa kamar masu jan igiya ne, kowanne yana tura lura zuwa gefen da ke kallonsa. Idan na dama ya faɗi, sai na hagu ya fizge komai zuwa dama ba mai hana shi. Kenneth Heilman na Florida ya ƙara da cewa ɓarin dama yana gadin gefe biyu, na hagu kuwa gefen dama kawai yake gadi. Idan na hagu ya lalace akwai mai riƙe masa, idan na dama ya lalace hagu ta zama gidan da ba mai gadi. Shaidu biyu suka ƙarfafa batun jan igiya. A 1988 Heilman da abokan aikinsa suka maimaita gwajin soke layuka a kan allo, amma maimakon a soke sai a goge. Da layukan dama suka ƙare, ba abin da ke riƙe ido a can, sai marasa lafiya suka matsa hagu fiye da da. A 1996 kuma likitoci a Lausanne ta Suwizalan suka ba da labarin mutumin da ya sami shafewar hagu bayan toshewar jini a ɓarin dama, bayan 'yan kwanaki wata toshewar ta same shi a gaban ɓarin hagu, sai shafewar ta tafi. Rauni na biyu ya daidaita ma'aunin da na farko ya karkatar.

Nan akwai wahalar da ma'aikaci Bahaushe kaɗai ya sani. Kalmar da ta fi kusa da abin da ya lalace ita ce hankali, kamar a mai da hankali. Amma duk wanda ya ce wa iyali matsalar Baba a hankali take, abin da za su ji shi ne taɓin hankali, kuma daga ranar za a daina shawara da shi. Masu gogewa sukan ce lura: idonsa yana gani, hankalinsa ƙalau, lurarsa ce ta karkata. Bambancin kalma ɗaya ne, amma a kansa mutuncin magidanci yake rataye.

Shekarun da suka biyo baya sun zo da abubuwan mamaki. A 1988 John Marshall da Peter Halligan na Oxford suka nuna wa wata mata zanen gidaje biyu iri ɗaya, sai dai ɗaya wuta na ci a gefensa na hagu. Ta ce gidajen ba su da bambanci. Da aka ce wanne za ta zauna a ciki, ta ga tambayar ba ta da ma'ana, amma mafi yawan lokuta sai ta nuna wanda ba ya cin wuta. Saƙon yana shiga, yana ma tasiri, sanin ne ba ya kaiwa gare shi. Su biyun dai a 1991 suka sami mutumin da ke kuskuren raba layi idan yana kusa da hannunsa, amma idan layin na nesa ya nuna tsakiyarsa da haske ko ƙaramin mashi, sai ya dace. A 2000 Anna Berti da Francesca Frassinetti suka ba irin wannan marar lafiya doguwar sanda ta taɓo layin nesa, sai kuskuren ya dawo, domin ƙwaƙwalwa ta ɗauki sandar a matsayin ƙarin hannu, nesa ta zama kusa. Mashahurin mai shirya finafinan Italiya, Federico Fellini, wanda ciwon ya kama a 1993, ya san da larurarsa sarai, har yana zana 'yan mutane a kan takardun gwajin, amma sanin bai hana shi barin hagun takarda fayau ba.

An kuma yi doguwar jayayya kan takamaiman wurin raunin. Tsofaffin littattafai sun ce sashen da ke sama da kunne ta baya ne, wanda ake kira farayatal. A 2001 Hans-Otto Karnath na Jamus ya ce a'a, ƙasa da nan ne. Wasu a Landan suka mayar masa da martani. Marsel Mesulam tun 1981 ya ce ba wuri ɗaya ba ne, tashoshi ne da dama da hanyoyin da ke haɗa su, kuma a 2005 likitocin Faransa suka ba shi gaskiya a ɗakin tiyata: marar lafiya a farke yana raba layi, aka taɓa igiyar jijiyoyin da ke haɗa baya da gaban ɓarin dama da ɗan lantarki, alamarsa ta zame dama, aka ɗauke lantarkin ta dawo tsakiya.

Nijeriya ta shiga wannan tarihi ta wata ƙofa daban. Aikin farko a nan shi ne tabbatar da cewa ciwon shanyewar ɓarin jiki yana nan, domin wasu likitocin zamanin mulkin mallaka sun rubuta cewa hawan jini ba ciwon mutanen Afirka ba ne. Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan da abokan aikinsa suka buɗe rajistar masu shanyewar ɓarin jiki daga 1973 zuwa 1975, suna ƙirga mutum ɗaya bayan ɗaya, a zamanin da ba na'urar hoton ƙwaƙwalwa ko ɗaya a ƙasar. Aikin gashi kuwa ya fara ne a 1945 a asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digirinsa a 1966, daga baya Kano ta zama cibiyar horar da 'yan Arewa. Asalin aikin a asibitin ƙashi ya bar tabonsa har a sunan da Hausawa suka ba shi: gashin ƙashi. Mai jinya yana zuwa ne da tsammanin a gasa, a murza, a miƙar da ƙafa. Maganar lura ba ta cikin abin da ya biya kuɗinsa.

Yawan masu ciwon kuma ba ƙarami ba ne. Babban binciken SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ya buga sakamakonsa a 2018 kan marasa lafiya 2,118. Matsakaicin shekarunsu 59, kusan kashi ɗaya cikin uku fashewar jijiya ce ba toshewa ba, kuma hawan jini ne uban tafiyar da tazara mai nisa. Shekara 59 a Abuja shekarun darakta ne da bai yi ritaya ba, da direban da ke ciyar da gida biyu, da 'yar kasuwar Wuse mai 'ya'ya a jami'a. Kan shafewar hagu kanta, masu bincike ƙarƙashin Farfesa Talhatu Hamzat a Ibadan sun buga nazari a 2012 kan waɗanda suka koma gida bayan ciwon, amma irin wannan aiki har yanzu ƙalilan ne idan aka gwada da girman matsalar.

Abuja na karɓar marasa lafiya daga Nasarawa da Neja da Kogi da kudancin Kaduna. Asibitin Ƙasa, wanda aka buɗe a 1999, da asibitin koyarwa na Gwagwalada, da asibitocin gundumomi irin na Asokoro da Maitama da Wuse, nan ake kai su. Birni ne da za a iya ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a ranar da aka zo, idan akwai kuɗi. Sai dai hoto yana nuna inda rauni yake ne, ba ya nuna rabin farantin da aka bari. Wannan sai wanda ya tsaya ya kalli mutum yana ci, yana sa riga, yana alwala.

Kuma al'adarmu, ba da nufi ba, tana taya larurar ɓuya. Da dama ake ci, da dama ake gaisawa, da dama ake miƙa abu a karɓa. Dattijon da ya bar hannun hagu a rataye bai yi abin da zai ja ido ba. Ga shi raunin ɓarin dama ba ya cika taɓa magana, sai mutum ya amsa gaisuwa tsaf, ya tambayi yara da sunayensu, masu dubiya su fita suna hamdala cewa abin ya zo da sauƙi. Shi ma da bakinsa zai ce lafiyarsa ƙalau, kuma wane ɗa ne zai ƙaryata mahaifinsa a gaban baƙi? Alamomin sai a ƙananan wurare suke fitowa. A alwala ya wanke hannun dama sau uku ya wuce zuwa shafar kai. Hajiya ta sa kwalli a ido ɗaya. Hannun riga na hagu yana lilo ba a zura ba. Keken guragu kullum yana bugun bakin ƙofa ta gefe ɗaya. Matar da ta kwana tana jinya a hagun gado ta yi ta magana ba a amsa ta, kishiyarta ta shigo ta tsaya a dama a yi hira da ita. Ma'aikacin da ya san aikinsa yakan yi saurin bayyana wannan na ƙarshe, domin gidaje na iya ɓaci a kansa.

Mafi haɗari shi ne ranar da ƙafa ta warware. Wasu suna tashi su yi tafiya da kyau alhali shafewar tana nan a ɓoye, ba ta fitowa sai an gaji ko abubuwa sun yi yawa. Tun 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ke tuƙi a hannun dama. Ma'anarsa, motar da ke tahowa gaba da gaba a hagun direba take, wadda ke cikin shataletale daga hagu take zuwa, mai tsallaka titi ma daga hagu motar farko za ta same shi. A birnin da aka gina domin mota, mai manyan hanyoyi irin na Kubwa da Nyanya da filin jirgi, mutumin da ya ci gwajin ido ya kuma karɓi makullinsa yana iya zama ajalin kansa da na wasu. Bai kamata a bar shawarar komawa tuƙi a hannun marar lafiya ba, tunda larurar da kanta ce ke gaya masa ba abin da ke damunsa.

Magani fa? Nan gaskiya ta fi daɗin baki amfani. A shekarun 1970 Leonard Diller da abokansa a New York suka fara horar da mutane su riƙa juya kai da gangan, ana ja musu jan layi a bakin takarda na hagu, a ce kada ka fara karatu sai ka ga ja. Yana aiki a kan takarda, amma sau da yawa ba ya bin mutum zuwa banɗaki. A 1985 Alan Rubens ya nuna cewa ɗura ruwan sanyi a kunnen hagu yana ɗauke shafewar na 'yan mintoci, abin da ya koya wa masana darasi kan alaƙar ma'aunin kunne da lura, amma yana sa jiri da amai, kuma ba abin gwadawa a gida ba ne. Ian Robertson ya nuna cewa motsa hannun hagu a gefen hagu, ko yatsa ɗaya ne, yana farkar da ɓarin da ya raunana. A 1998 Yves Rossetti da abokansa a Lyon ta Faransa suka sa wa marasa lafiya tabarau mai karkatar da gani digiri 10 zuwa dama, suka sa su nuna wani ɗigo da yatsa sau 50. Da farko yatsa ya kauce dama, ƙwaƙwalwa ta gyara ta hanyar jan hannu hagu, da aka cire tabarau gyaran ya zauna, kuma bayan awa biyu zanensu ya fi kyau. Fannin ya yi murna ƙwarai. Sai dai da masana suka tattara gwaje-gwaje 65 a 2021, hukuncinsu shi ne har yanzu ba a da tabbacin cewa wata hanya ɗaya tana kawo gyara mai ɗorewa a rayuwar yau da kullum. Da yawa suna samun sauƙi da kansu cikin watanni ukun farko. Waɗanda ta zauna musu sun fi daɗewa a asibiti, sun fi faɗuwa, sun fi dogara da wani.

Saboda haka abin da ya fi tasiri a ɗakunanmu sau da yawa tsarin gado ne da ilimin mai jinya. A kwanakin farko a sa ruwa da waya da abin kira a dama, don kada mutum ya kwana da ƙishi alhali kofi na gefensa. Idan ya fara ƙarfi a riƙa matsar da kujerar baƙi da rediyo zuwa tsakiya, sa'annan hagu, a rage tarkacen da ke dama masu riƙe ido. A duba hannun hagu kullum, domin yana iya maƙalewa a tayar keke ko ya kwanta a kan abu mai zafi mai shi bai sani ba. Iyali Bahaushe ba ya barin marar lafiya shi kaɗai dare da rana, kuma wannan jari ne da asibitocin Turai ba su da shi, in dai an koya wa mai jinya abin da zai yi.

Saura batun gwaji. Agogo mai hannu da fensir kayan ɗan boko ne. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba za ta faɗi gwajin zane ko da lafiyarta lau. A 1996 masu bincike a Suwidin suka fito da gwajin jera 'yan katakai 16 a kan faffaɗan tire kamar mai jera burodi a shiga da shi gashi, mai shafewar hagu sai ya tara su a dama. Ba sai an je nesa ba a sami irinsa a nan. Tandar waina tana da gurabe a kewaye, dara tana da ramuka a jere, mai kasa tumatir ta san yadda ake raba tabarma. Abin da ake bukata shi ne wani ɗalibi a Gwagwalada ko Kano ya zauna ya auna ɗaya daga cikinsu a kan masu lafiya da marasa lafiya, ya fitar da ma'auni.

Akwai kuma tambayar da Arewa ta fi kowa damar amsawa. Masu lafiya ma ba sa raba layi daidai, yawanci sukan ɗan kauce hagu, kuma a 1993 Sylvie Chokron ta nuna cewa Faransawa na kaucewa hagu, masu karanta Ibrananci daga dama kuwa na kaucewa dama. Wato hanyar da ido ya saba bi a karatu tana da hannu a yadda lura ke bazuwa. Shafewar hagu ba ta ƙyale masu karatu daga dama ba, amma ɓarnarta a rubutu tana sauya wuri. A boko hagu ita ce farkon kalma, sai makaranta ta koma karanta, tafiya ta koma lafiya. A ajami da Larabci hagu ita ce ƙarshen kalma da ƙarshen layi, inda Hausa ke ajiye bambancin gidansa da gidanta da gidansu. Masu bincike a Isra'ila sun ga cewa a Ibrananci haruffan ɗafi na ƙarshe sun fi saurin ɓacewa a kan haruffan tushen kalma. A wuraren da aka yi yawancin waɗannan nazarce-nazarce, sai an nemo ƙungiyoyi biyu na mutane daban a gwada. A layin gashi na kowane babban asibiti a Abuja kuwa akwai dattijon da ya fara da allo yana ɗan shekara biyar, ya shiga firamare yana ɗan bakwai, ya shekara hamsin yana karanta Alƙur'ani da asuba da takardun ofis da hantsi. Hanyoyin biyu suna cikin ƙwaƙwalwa ɗaya, rauni ɗaya ya same su, kuma abin da gwajin ke bukata shi ne shafi ɗaya na boko, shafi ɗaya na ajami, da ma'aikacin da ya iya karanta duka biyun.